Ta Ƙi Fiɗa Ta Biyu Sai da Ta Ga Tsokarta a Madubin Likita: Nazarin Lamari

Asalin lamarin

Majiyyaciyar mace ce 'yar shekara 57. Ta daina jinin al'ada shekara shida da suka wuce, kuma ba ta da wata cuta sai hawan jini da take shan magani a kansa. Ta ji ƙullutu a nononta na hagu, ta sama wajen hammata. Hoton nono da sikanin suka nuna ƙari mai faɗin kusan santimita 2, da ƙananan ɗigon kalsiyam a warwatse ta ƙasansa.

Ba likitan fiɗa ne ke tabbatar da sankara ba, ba kuma mai ɗaukar hoto ba. Likitan binciken tsoka, wato likitan fatoloji, shi ke duba naman da aka ciro a madubin likita, ya faɗi ko sankara ce, wace iri ce, da yadda halinta yake. Duk maganin da za a bayar a kan rahotonsa yake tsayuwa. Amma a al'adar aikin, 'yan'uwansa likitoci yake rubuta wa rahoton, kuma da wuya majiyyaci ya ga fuskarsa. Asibitin da wannan matar ta je yana sakin sakamakon gwaji a manhajar majiyyata da zarar likita ya sa hannu, tsarin da ya zama ruwan dare a Amurka tun daga Afrilun 2021, lokacin da ƙa'idar hana ɓoye wa majiyyaci bayanan lafiyarsa ta fara aiki, kuma yake yaɗuwa a wasu ƙasashe. Ma'ana, takardar da aka rubuta don likita tana riga likitan isa hannun mai ita.

Rana ta 1 zuwa ta 12: samfurin allura

A rana ta 1 aka ciro zare huɗu na tsoka da allura mai lamba 14. Tsawon kowanne bai wuce santimita 2 ba, kaurinsa bai kai milimita 2 ba. Aka bar ɗan ƙarfe ƙarami a cikin ƙarin don a gane gurbin. Nan take aka jefa samfurin cikin ruwan fomalin, ya kwana a ciki. Ƙa'idar tsokar nono ita ce ta shiga fomalin cikin sa'a ɗaya da cirowa, ta zauna sa'a 6 zuwa 72, domin ƙasa da haka ko sama da haka na iya ɓata gwajin sinadaran da za a yi daga baya. Aka daskarar da ita cikin kakin, aka yanka siriri kamar maikiron 4, aka shimfiɗa a gilashi, aka rina.

Rahoton rana ta 5 ya ce sankara ce da ta fito daga bututun nono ta kutsa naman da ke kewaye, mai daraja ta 2 (daraja ma'auni ne daga 1 zuwa 3 na yadda ƙwayoyin sankarar suka kauce wa kamannin lafiyayyu a madubi). Kashi 90 cikin ɗari na ƙwayoyinta suna da makarɓar sinadarin estrojin, kashi 40 suna da ta furojestaron. Gwajin HER2, wani furotin da yawansa ke sa sankara saurin girma, ya fito 2+, wato tsaka-tsaki, don haka aka tura gwaji na biyu mai ƙirga kwafin ƙwayar gadon. A rana ta 12 ya nuna ba a samu ƙaruwar kwafi ba, aka rubuta HER2 babu.

Likitan fiɗa ya yi mata bayani, ta amince da a cire ƙarin kaɗai a bar nonon, a kuma ciro kaluluwar farko ta hammata. Har zuwa nan babu wata gardama.

Rana ta 26 zuwa ta 34: fiɗa da rahoto na biyu

An yi fiɗa a rana ta 26. Da ta farfaɗo, likitan ya ce mata ƙarin ya fita gaba ɗaya, kuma bisa abin da ido da hannu ke iya ganewa gaskiya ya faɗa.

A ɗakin gwaji aka bi zaren da likitan fiɗa ya ɗaura don gane sama da gefe, aka shafa wa fuskoki shida na naman tawada mai launi daban-daban don a gane bakin da wuƙa ta yanka, aka yayyanka shi yanka-yanka masu kaurin milimita 4 zuwa 5. Rahoton ya fita da yammacin rana ta 34, ta karanta shi a wayarta ita kaɗai. Ya ƙunshi abubuwa huɗu da suka dame ta. Girman ƙarin milimita 24 ne. Darajarsa yanzu ta 3 ce, ba ta 2 ba. A gefen ƙasa, sankarar da ke cikin bututu da ba ta fito ba tukuna, wadda ake taƙaitawa da DCIS, ta taɓa tawada a tsawon milimita 2. Cikin kaluluwa biyu da aka ciro, ɗaya tana da tarin ƙwayoyin sankara mai faɗin milimita 1.2.

Daga wannan karatun ta yanke wa kanta hukunci biyu masu karo da juna, ta kuma riƙe su duka. Na farko, da yake ta ɗauki daraja a matsayin mataki, wato nisan da cuta ta yaɗu, cutar ta tsallaka daga mataki na 2 zuwa na 3 cikin wata guda, saboda haka magani ba shi da amfani. Na biyu, tunda rahotannin biyu sun saɓa, kuma likitan fiɗa ya ce ya cire komai, to an musanya samfurinta da na wata.

Rana ta 36 zuwa ta 50: abin da aka gwada bai ci ba

A rana ta 36 likitan fiɗa ya gan ta na minti 15. Ya gaya mata cewa ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin fiɗar sankara da na gashi (ƙona sankara da hasken na'ura) na Amurka suka fitar a 2014 ita ce kada tawada ta taɓa ƙwayar sankara, kuma idan ta taɓa, hatsarin dawowar cutar a wurin yana ninkuwa kusan sau biyu ko da an yi gashi. Ya sa ranar ƙara yanke gefen, rana ta 50. Ta tambaye shi yadda aka yi 2 ta zama 3, ya ce hakan na faruwa. Amsar daidai ce, amma ba ta nuna mata dalili ba, kuma shi bai taɓa ganin gilashin da idonsa ba.

A rana ta 40 ma'aikaciyar jinya ta ba ta ɗan littafin bayani kan sankarar nono. Littafin ya bambanta daraja da mataki yadda ya kamata, kuma hakan ya ɗan rage mata tsoro na farko. Zargin musanya kuwa bai taɓa shi ba, domin littafin yana magana ne kan sankara gaba ɗaya, ita kuma tambayarta kan nata naman ne.

A rana ta 47 ta samo lambar ɗakin gwaji ta kira da kanta. Aka haɗa ta da likitar da ta sa hannu a rahoton, wadda take tsakiyar wani aiki, babu gilashin a gabanta, ba ta san abin da likitan fiɗa ya riga ya faɗa ba. Cikin minti biyar ta maimaita abin da ke rubuce, ta ce sauran tambayoyi a kai wa likitan da ke kula da ita. Majiyyaciyar ta ɗauki wannan taka-tsantsan a matsayin ɓoye wani abu. A rana ta 50 ba ta zo fiɗa ba.

Rana ta 58 zuwa ta 62: shiri

An kawo lamarin taron likitocin sankara na mako-mako a rana ta 58. Abin da ya fi damun likitan sankara shi ne lokaci. Akwai yiwuwar ta buƙaci allurar kimo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, bincike kuma ya nuna cewa jinkirta fara ta fiye da kwana 90 bayan fiɗa yana tafiya da mummunan sakamako, ga shi an riga an ci kwana 32. Likitar binciken tsokar ce ta kawo shawarar a gayyato matar ta ga gilashinta. Ba sabon abu ba ne. Wani asibiti a garin Lowell na jihar Massachusetts ya buɗe irin wannan zama tun 2017, wasu kuma sun bi sahu.

An tsara abubuwa kafin ranar. Aka yarda cewa likitar za ta yi bayanin abin da aka gani ne kawai, maganar magani da tsawon rai kuwa ta likitan sankara ce. Aka rubuta mata daidai abin da kowane likita ya gaya wa majiyyaciyar. Ta fito da gilasai duka 31, ta sake duba su, ta kuma ba abokin aikinta ya duba ba tare da ya ga rahoton ba, sakamakonsa ya zo ɗaya da nata. Ta sake gwada lambobin da ke kan kwalbar samfur, da kan kakin, da kan gilashi, da takardar ɗakin fiɗa. Daga nan ta zaɓi gilasai shida kacal, ta yi wa wuraren da za ta nuna ɗigo da alƙalami. An ware minti 45 a ɗaki mai madubin likita da ke haɗe da allo, nesa da wurin yankan nama da warin fomalin. Aka ce ta zo da wanda take so, ma'aikaciyar jinya kuma za ta zauna tana rubuta tambayoyin.

Rana ta 63: zaman

Ta zo da 'yarta. Likitar ta fara da tambayarta abin da ta fahimta da abin da take son gani, har da ko tana son kallon sankarar ko bayani kawai take so. Wannan tambayar wajibi ce, domin akwai majiyyatan da ganin ƙwayoyin ke ƙara musu damuwa. Matar ta ce: "Likita, ni dai ina so in san ko naman nan nawa ne."

Saboda haka aka sauya jerin da aka shirya, aka fara da wannan. Likitar ta miƙa mata gilashi ta karanta lambar da ke jiki, ta gwada da ta rahotonta, ta kuma bayyana mata yadda lambar take bin samfur daga ɗakin fiɗa har zuwa madubi. Lamba dai mutum ne ke manna ta, kuma matar ta faɗi haka. Sai aka ɗora gilashi daga tsakiyar ƙarin. A ciki akwai gurbin ɗan ƙarfen da aka saka a rana ta 1, da tabon hanyar da allura ta bi, da tsohon jini, da kitsen da ya mutu yana warkewa, irin warkewar da ta dace da raunin 'yan makonni. Aka jera hoton samfurin allura da na fiɗa gefe da gefe, tsarin ƙwayoyin iri ɗaya, rinin estrojin iri ɗaya. Likitar ta ƙara da cewa idan har yanzu tana shakka, akwai gwajin DNA da ke gwada naman da jininta, kuma tana da haƙƙin a aika gilasan wani asibiti a sake dubawa. Ba ta nemi ko ɗaya ba.

Sai aka koma kan nono lafiyayye daga gefen samfurin: bututu mai rami a tsakiya, ƙwayoyi a jere layi biyu, masu girma ɗaya. Wanda bai ga lafiyayye ba ba zai gane mai cuta ba, duk launin ruwan hoda da shuɗi zai gani. Bayan minti biyu a kan wannan, da aka matsa zuwa ƙarin, 'yar ce ta fara nuna inda jerin ya wargaje.

Batun daraja ya fi cin lokaci. Likitar ta rubuta ma'aunin Nottingham a takarda, wanda Elston da Ellis suka wallafa a 1991. Abu uku ake ba maki daga 1 zuwa 3: yawan bututun da sankarar ke iya ginawa, yadda cibiyar ƙwayoyin ta sauya kama, da yawan ƙwayoyin da aka kama suna rabuwa a fili goma na madubi. Jimlar 3 zuwa 5 daraja ta 1 ce, 6 zuwa 7 ta 2, 8 zuwa 9 ta 3. A samfurin allura makin ya kasance 3, 2, 1, jimla 6. A naman fiɗa ya zama 3, 3, 2, jimla 8. A madubinta, mai faɗin fili milimita 0.55, ƙwayoyi 8 ko ƙasa maki ɗaya ne, 9 zuwa 17 maki biyu. Ta ƙirga 5 a samfurin allura, 14 a naman fiɗa. Dalili shi ne ana yin ƙirgar ne a bakin ƙarin, inda ya fi saurin girma, allurar kuma ta fi ratsa tsakiya. Samfurin allura kamar leƙen ɗaki ne ta ramin makulli. Sankarar ba ta ƙara muni cikin kwana 25 ba, tun farko mai daraja ta 3 ce, ɓangaren da ya nuna hakan ne bai shiga allura ba. Ta nuna musu ƙwayoyi uku masu rabuwa a allo, ta bar matar ta nemo ta huɗu da kanta. Game da mataki ta ce, bisa girman milimita 24 da abin da ke kaluluwa, na 2 ne.

Gilashi na biyar shi ne gefen ƙasa. Layin koren tawada ya bi bakin naman, kuma a wuri ɗaya wani bututu cike da ƙwayoyin sankara ya yanke daidai kan koren. Likitar ta ce: "Malama, nan wuƙa ta bi. Rabin bututun nan yana gabanmu, ɗaya rabin yana iya kasancewa a jikinki." Ta nuna rinin p63, wanda ke fito da ƙwayoyin bangon bututu, don su ga cewa a nan sankarar tana ciki ba ta fasa bango ba. Irin wannan bututun faɗinsa bai kai milimita ɗaya ba, ba ya yin ƙullutu, ido ba ya ganinsa a ɗakin fiɗa. Ta faɗa a fili cewa likitan fiɗa bai yi kuskure ba, bai kuma yi ƙarya ba. Ta kuma faɗi cewa ana iya ƙara yankewa a tarar babu saura, kuma ba wanda zai iya sani kafin a duba.

Kaluluwar ta zo a ƙarshe. Tarin milimita 1.2 yana cikin rukunin ƙananan yaɗuwa, wato sama da milimita 0.2 zuwa milimita 2. Matar ta tambaya ko za a yi mata kimo, da shekara nawa ta rage mata. Likitar ta ce waɗannan tambayoyi ne na gaske, amma amsarsu na buƙatar abubuwan da ba sa cikin gilashi, ma'aikaciyar jinya ta rubuta su don likitan sankara. Zaman ya ci minti 50. A ranar likitar ta rubuta taƙaitaccen bayani a fayil kan abin da aka nuna, abin da aka faɗa, da tambayoyin da aka tura gaba.

Rana ta 65 zuwa wata na 12

A rana ta 65 matar ta kira ta nemi a sa ranar fiɗa. An ƙara yanke gefen ƙasa a rana ta 72. Rahoton rana ta 79 ya nuna saura DCIS mai tsawon milimita 3, sabon gefen kuma tsaf, da tazarar milimita 6 daga tawada. Wannan karon ta karanta rahoton ta gane shi kafin ta ga likita.

Likitan sankara ya nemi gwajin Oncotype DX mai duba ƙwayoyin gado 21 don auna hatsarin dawowar cutar da amfanin kimo, likitar binciken tsoka ta zaɓi kakin da ya fi yawan sankara mai kutsawa ta aika. Makin ya fito 31, wanda ke nuna babban hatsari, aka ba da shawarar kimo. Ta fara a rana ta 100, kwana 74 bayan fiɗar farko, zagaye huɗu na dosetaksel da saikulofosfamid, kowane mako uku. Aka bi da gashi sau 15 cikin mako uku da ƙarin gashi a gurbin ƙarin, sannan letirozol, ƙwayar maganin da ke rage estrojin a jiki, miligiram 2.5 kullum na aƙalla shekara biyar. Hoton nono a wata na 12 bai nuna komai ba.

Abin da lamarin ya nuna

Zaman bai sauya ko harafi ɗaya a rahoton ba. Abin da ya sauya shi ne yardar majiyyaciyar da rahoton, kuma rashin wannan yardar ne ya jawo jinkirin kwana 22 a fiɗa ta biyu. Likitan fiɗa da ɗan littafin duk gaskiya suka faɗa, amma sun nemi ta karɓi sakamako ba tare da ta ga hujja ba, alhali hujjar take zargi. Mutum ɗaya ne a asibitin yake riƙe da hujjar kuma yake iya karanta ta.

Kada a ɗauka cewa haɗa majiyyaci da likitan binciken tsoka kawai ya isa. Likita ɗaya ce a rana ta 47 da rana ta 63, kiran farko ya ƙara dagula lamarin, zaman na biyu ya warware shi. Bambancin yana cikin shiri: gilashi a gaba, sanin abin da aka riga aka faɗa, yardar sauran likitoci, lokacin da aka ware, da barin tambayar majiyyaci ta ja ragamar zaman. Iyakar da aka shata kan maganar magani ita ma ta yi aiki. Da likitar ta yi hasashen cewa ba za a buƙaci kimo ba, makin 31 zai sake rusa yardar da aka gina.

Akwai tsada. Shiri da zama sun ci wa likitar kusan sa'a biyu, ɗakunan gwaji da yawa kuma suna fama da ƙarancin likitoci, horon fatoloji ma bai cika koyar da zama da majiyyaci ba. Ba kowane mai sankara za a iya yi wa wannan ba, ba kuma kowa ke so ba. Wannan lamari yana nuna waɗanda ya kamata a fara da su: wanda rahotanninsa biyu suka saɓa, wanda za a sake yi wa fiɗa saboda gefe, wanda gwajinsa ya fito tsaka-tsaki, da wanda ya nuna shakka kan samfurinsa. Matar nan ta cika uku daga cikin huɗun tun rana ta 34. Da an yi mata tayin zaman a rana ta 36, kuma da rahoton na biyu ya ƙunshi layi biyu da ke bayyana dalilin sauyin daraja, da wuya ta ƙi zuwa a rana ta 50.